Na'ura a hannun dattijo: awon jini, waya da fitilar dare

An rubuto wannan daga faifan laccar da wata ma'aikaciyar jinya ta gabatar ga iyalai masu kula da tsofaffi a Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayye da ƙanne, sannunku da zuwa.

A gidaje da yawa cikin garin nan akwai na'urar awon hawan jini da wani ɗa ya aiko daga Abuja ko Ingila, tana nan cikin kwalinta a ƙarƙashin gado. Wadda aka fito da ita kuwa, galibi ba a aiki da ita yadda ya kamata. Kuma lambar ƙarya ta fi rashin awo haɗari, don ita ce ke sa Baba ya ce ya warke, ya ajiye magani.

Ku sayi wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu gaskiya. Ku ɗauki tef ɗin tela ku auna kaurin damtsen. Madaurin da aka fi sayarwa na santimita 22 zuwa 32 ne. Idan Hajiya mai jiki ce aka matsa mata ƙarami, lambar za ta haura fiye da yadda jinin yake. Minti 30 kafin awo ba goro, ba shayi, ba taba. A fara zagayawa bayi, sannan a zauna kan kujera minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu kan tebur daidai ƙirji. Zama kan tabarma hannu yana reto ba awo ba ne. Kuma ba magana. Na san wannan ce ta fi wuya, musamman in jikoki suna tsakar gida!

A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, da safe kafin shan magani da kuma yamma, a rubuta a ɗan littafi. In awon gida ya yi ta kai 135/85 ko sama kwanaki a jere, a kai littafin wurin likita. In ya kai 180/120 ga ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko harshe ya yi nauyi, ba jiran wayewar gari, asibiti nan take.

Na'urar awon sukari kuma abu biyu ke ɓata ta. Na farko yatsa: wanda ya ci dabino ko mangwaro bai wanke hannu ba, na'ura za ta auna zaƙin da ke fatarsa. Sabulu da ruwa, a tsane hannun sosai. Na biyu zafi. Tsinken gwajin da ake ɗiga jini a kai ba ya son rana, zafinmu na Maris da Afrilu yana kashe shi in an bar shi a mota ko bakin taga. A rufe gwangwanin da zarar an zaro ɗaya. In lamba ta sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, ga gumi da karkarwa, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari cikin ruwa, a sake awo bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai.

Waya kuwa, ku ƙara girman rubutunta, ku sa ƙararrawar magani daf da sallar Asuba da Magariba don ta bi abin da aka saba. Ku saita lambar babban ɗa yadda danna maɓalli ɗaya zai kira shi. Ku koya wa Mama saƙon murya a WhatsApp. Sannan ku nanata musu: banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrin katinsa ko lambar da aka turo masa ta saƙo. 'Yan fansho su ne abincin 'yan damfara.

Faɗuwar tsoho sau da yawa a hanyar bayi take da daddare, an ɗauke wuta, ido bai washe ba. Ƙashin ƙugu in ya karye a wannan shekarun, jinyar doguwa ce. Fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi, ɗaya a ƙofar ɗaki, ɗaya a bakin bayi, sai ƙarfen riƙewa a bango kusa da inda ake tsugunawa.

Na'urar ƙara ji kuma kada ku saya a kasuwa da ka. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan Kaduna, a je a gwada kunnen tukuna, don wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe shi.