Awo Ake Rubutawa, Kwantena Ke Ɗinki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta manhaja, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna. Yau kan wata matsala ta fayilolin saiti a Laravel za mu tsaya, wadda ba ta nuna kanta sai ranar da aka ɗora aiki a saba, wato kwamfutar da manhaja ke gudana a kai don masu amfani.

A ce kana yi wa wata makarantar Islamiyya a Rigasa manhaja da Laravel (tsarin gina manhaja da harshen PHP), mai tura wa iyaye saƙon tes idan lokacin biyan kuɗin makaranta ya yi. Ka rubuta kilas, wato tsarin kod da ake gina abu daga gare shi, mai suna SmsSender. Yana buƙatar abu biyu: mabuɗin sirri da kamfanin tura saƙo ya ba ka, da sunan da zai fito a wayar iyaye. Sai ka buɗe config/sms.php ka rubuta new SmsSender a ciki kai tsaye, don duk inda ka nema ka same shi a shirye. A kwamfutarka lafiya lau. Ka hau saba, ka buga php artisan config:cache, sai ga jan rubutu ya cika allo, wai ba za a iya adana saitinka ba.

Me ya faru? Wannan umarnin yana tattara duk fayilolin saiti ne ya zuba su a fayil guda, bootstrap/cache/config.php, ta hanyar var_export na PHP, wanda ke rubuta bayanai a matsayin kod. Lamba, rubutu, jeri, duk yana iya rubuta su ya sake karantawa. Amma idan ya ci karo da ginannen abu, irin wanda new SmsSender ya samar, sai ya rubuta kiran __set_state, wato aikin da zai sake gina abin, wanda kilas ɗinka ba shi da shi. Nan ake yin karo. Symfony, wani tsarin PHP irin Laravel, ma haka take: tana mayar da kwantenarta, wato sashen da ke gina abubuwa ya miƙa wa mai buƙata, kod ɗin PHP a var/cache, kuma ba ta karɓar ginannen abu a matsayin faramita.

Ku tuna telan Kasuwar Barci. Idan ka kai ɗinki, littafi yake ɗaukowa ya rubuta: tsawo kaza, hannu kaza, wuya kaza, a yi aiki a gaba. Ba ya cusa kaftani a cikin littafin. Fayil ɗin saiti shi ne littafin awo, kwantena kuwa ita ce telan da ke zaune kan keke. Wannan rabon aiki shi ne asalin tsarin da Martin Fowler ya raɗa wa suna dependency injection a 2004: kilas ba ya gina abin da yake buƙata da kansa, miƙo masa ake yi.

To ga gyaran. A config/sms.php mun bar abu uku kawai: mabuɗi daga env (wanda ke karanto sirri daga fayil ɗin .env), sunan mai turawa, da SmsSender::class. Na ukun nan rubutu ne zalla, sunan kilas ne kawai, saboda haka yana shiga ma'ajiya ba gardama. Sai mu je kilas ɗin AppServiceProvider, cikin register, inda ake faɗa wa kwantena yadda za ta gina abubuwa, mu kira singleton, mu ce wa kwantena: duk wanda ya nemi mai tura saƙo, karanto saiti ki gina masa. Da bind muka yi amfani, za ta gina sabo duk lokacin da aka nema. Da singleton sau ɗaya take ginawa ta riƙa miƙa shi. Ga mai tura saƙo, ɗaya ya wadatar.

Akwai masu ƙara __set_state a kilas don a wuce wurin. Yana aiki, ban musa ba, amma ni ba na so. Ka ɗaure kilas ɗinka da yadda ake adana saiti, kuma wanda zai gaji aikin bayanka ba zai gane dalilin ba.

Wani abu da ke ƙona mutane da yawa: da zarar an adana saiti, Laravel ba ya ƙara karanta fayil ɗin .env. Duk env da ka kira a wajen fayilolin saiti zai iya dawo maka da null, saƙo ya ƙi tafiya, iyaye su yi ta jira. A cikin register, config mai karanto saiti za ka kira, ba env ba.

Yanzu ga inda na fi jin daɗin tsarin. Lokacin gwaji ba ka son kowane gwaji ya cinye maka kuɗin tes. Sai ka rubuta mai turawa na bogi da ke ajiye saƙonni a jeri, ka miƙa wa kwantena da instance, don ta riƙa ba da shi a madadin na gaske. Kilas ɗin biyan kuɗi bai san an canza masa komai ba. Bari in buga gwajin ku gani: saƙo uku sun shiga jeri, ko ɗaya bai fita zuwa wayar kowa ba.