Fis a Aljihu: Tunawa da Baba Kofur, Tsohon Sojan Bama Mai Wayarin

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana a kan maigidana, wanda duk unguwa ke kira Baba Kofur, Allah Ya jiƙansa. Abu uku zan taɓa: sojansa, sana'arsa, sai gidansa. Shugaba ya ba ni ɗan lokaci, kuma ga shi can yana kallon agogo tun ban fara ba. (dariya)

Na farko, soja. Yaran yanzu in an ce Bama sai su ɗauka ta Borno ake nufi. A'a, ƙasar da ake kira Myanmar yau ce, can gabas da Indiya. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila suka kwashi samarinmu, da na Gana da Saliyo da Gambiya, suka haɗa runduna ta 81 da ta 82, aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga nan sai dajin Bama, su kara da Japan. Baba yana cikin ta 81, wadda ta shiga kwarin Kaladan a 1944. Babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci daga jirgin sama ake jefo musu. A Janairun 1945 aka ci garin Myohaung, shi ya sa za ku ji barikin Myohaung a Legas, barikin Dalet a Kaduna, barikin Chindit a Zariya. Duk daga wancan yaƙin sunayen suka fito. Shi Baba a sashen sadarwa yake, nannaɗin wayar tarho a kafaɗa, yana jan ta cikin ruwa da laka. A nan hannunsa ya fara sanin waya.

Da aka sallame su ya dawo gida, ba a daɗe ba aka kafa hukumar wutar lantarki ta ECN a 1950, garuruwa suka fara neman mai ja musu wuta. Kainji ta fara aiki a 1968, aka haɗe ECN da hukumar madatsun ruwa aka yi NEPA a 1972. Ni a wannan zamanin mahaifina ya kai ni wurinsa.

To ga inda nake son ku buɗe kunne, musamman ku yaran shago. Baba ba ya taɓa waya sai ya je wurin mita da ƙafarsa, ya zare fis da hannunsa, ya jefa a aljihun gaban rigarsa, ya ɓalla maɓallin aljihun. A aljihu fa, ba a kan mita ba, ba a kan taga ba. Aljihu! Ko maigida ya rantse an ɗauke wuta tun jiya, sai ya ce, "Alhaji, masu wuta ba sa sallama in za su dawo." Sannan ya ciro tasta, ya fara gwada ta inda ya san da wuta, ya tabbatar ita kanta lafiyarta ƙalau, kafin ya ɗora ta kan wayar da zai yi aiki. Yakan ce a soja kowace bindiga da harsashi a cikinta sai ka buɗe ka gani da idonka, to waya ma haka take.

Me ya sa aljihu? Saboda yaro. Saboda uwargida da ta ga fanka ta tsaya, zafi ya dame ta, ta ga fis a ajiye, ta ce bari in taimaka. Kai kuwa kana cikin silin, jiki sharkaf da gumi, waya a hannu. Wutar gida ta haura bolt 200, kuma jiƙaƙƙen jiki ta fi saurin ratsawa. In ta kama tafin hannu, naman ne ke damƙewa, kana son saki ba ka iyawa. Wanda ya taɓa sha ya san abin da nake faɗi. Ga wani can yana gyaɗa kai. (dariya)

Kuma in fis ya ƙone, kada ka kuskura Baba ya gan ka kana cusa masa waya mai kauri wai don ya daina ƙonewa. An yi shi siriri ne da gangan, shi ya narke kafin wayar cikin bango ta ɗau zafi. Ka sa mai kauri, ka mayar da gidan mutane fis. Wayar ƙasa kuwa, koriyar nan da kuke tsallakewa don ku rage kuɗi, shi sai ya kafa ƙarfenta a ƙasa da kansa. Mai gini ya ce ba ya so, Baba ya tattara filaya da sukudireba ya ce a nemi wani.

Na uku… ko na biyu nake? To, gida. Lokaci ya tafi. 'Ya'yansa duk sun yi makaranta, mata da maza. Kuɗin cefane kullum kafin ya fita yake ajiyewa. Mu yaran shago kwano ɗaya muke ci da 'ya'yan cikinsa. Labarin yaƙi ba ya yi a gida, sai ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, ya goge lambobinsa ya maƙala ya tafi fareti.

Na'am, ɗana? Ɗaga murya. Yana tambaya wai yanzu da ake da sola da janareto, zare fis ya isa? Bai isa ba, Allah Ya yi maka albarka. A zamanin Baba ƙofa ɗaya wuta ke shigowa gida, yanzu uku ce. Ka zare fis na mita, inbata tana nan tana ba soket wuta daga batir. Faifan sola kuwa muddin rana na dukansa yana haifar da wuta, ko ka kashe komai. Janareton da aka jona ba canjoba, wato makunnin da ke raba wutar janareto da ta NEPA, zai iya tura wuta baya har kan layi, ya kama wanda ke kan falwaya. Don haka ka kashe inbata, ka raba batir, ka raba layin faifan, ka cire filogin janareto, sannan ka gwada. Tastar nan mai ƙwai ba ta da tabbas a wutar sola, sai ka sa mitar hannu ta awon wuta. Wanda bai iya karanta ta ba ya same ni a shago ranar Asabar. Shugaba, ga makirfonka.