Kiki-kakar Majalisar Birtaniya a 2019: Gwamnatin da Ta Kasa Mulki, Ta Kuma Kasa Sauka

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To, madalla.

A ranar 23 ga Yunin 2016 mutanen Birtaniya suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 52 cikin ɗari suka ce a fice daga Tarayyar Turai. Sai dai takardar ƙuri'ar ba ta tambaye su yadda za a fita ba. Da yarjejeniya? Ba yarjejeniya? A ci gaba da zama a kasuwar bai ɗaya? Wannan aikin majalisa aka bar wa, alhali yawancin 'yan majalisar ba su so fitar ba tun farko.

Firaminista Theresa May ta kira zaɓe a 2017 don ta ƙara ƙarfi, sai ta rasa rinjayen da take da shi, ta koma dogaro da kujeru 10 na jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa. A can kuma matsalar take. Iyakar Ireland ta Arewa da Jamhuriyar Ireland ita ce kaɗai iyakar ƙasa tsakanin Birtaniya da Tarayyar, kuma bayan sulhun 1998 da ya kawo ƙarshen rikicin Ireland ta Arewa ba mai son ganin shingen kwastan ya dawo wurin. Yarjejeniyar fita da May ta kawo, majalisa ta yi fatali da ita sau uku. Na farkon, ranar 15 ga Janairun 2019, ƙuri'a 432 da 202. A watan Maris 'yan majalisar suka ce bari su gwada da kansu, aka jera musu zaɓi 8, babu ko ɗaya da ya samu rinjaye. Kowa ya san abin da ba ya so, amma a haɗu a kan abu guda, ya gagara.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa. A tsarin firaminista, irin wanda Najeriya ta yi a zamanin Tafawa Ɓalewa, idan gwamnati ta kasa tafiyar da majalisa, maganinta a rushe majalisar a koma wa masu zaɓe. Amma a 2011 Birtaniya ta yi dokar ƙayyade wa'adin majalisa, wadda ta ƙwace wannan iko daga hannun firaminista. In dai shi ke neman zaɓe kafin lokaci, sai kashi biyu cikin uku sun yarda, wato mutum 434 cikin 650. Ma'ana, mabuɗin yana aljihun 'yan adawa.

Boris Johnson ya gaji May a kujerar firaminista a ranar 24 ga Yulin 2019, yana rantsuwa za a fita ranar 31 ga Oktoba ko ana ha-maza-ha-mata. A farkon Satumba ya dakatar da 'yan majalisar jam'iyyarsa 21 da suka bijire masa, rinjayensa ya tafi gaba ɗaya. Majalisa ta yi dokar da ta tilasta masa neman ƙarin lokaci idan ba a cimma yarjejeniya ba. Ya nemi zaɓe sau uku, sau uku yana kasa samun 434, domin babbar jam'iyyar adawa, Labour ta Jeremy Corbyn, ta ƙi ba shi. Dalilinsu shi ne kada a rushe majalisa, wa'adin ya cika ba kowa a zaure, ƙasa ta faɗa waje ba yarjejeniya. Ni dai a ganina akwai wani dalilin: sun ga alƙaluman jin ra'ayin jama'a, ba su yi musu daɗi ba.

Ya kuma sa an dakatar da zaman majalisa na mako biyar. Ranar 24 ga Satumba alƙalai 11 na Kotun Ƙoli, baki ɗayansu, suka ce haramun ne, washegari 'yan majalisa suka koma kujerunsu. Da lokacin neman ƙarin wa'adi ya zo, ya aika wasiƙar kamar yadda doka ta ce, amma bai sa mata hannu ba. Ku ji fa!

'Yan'uwa na Nijar da ke nan za su tuna takun-saƙar shugaban ƙasa Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou bayan zaɓen 1995, wadda ta ƙare da juyin mulkin Janairun 1996. A Landan kuwa wata 'yar gajeriyar doka ce ta warware ƙullin. Da Turai ta ɗage wa'adi zuwa 31 ga Janairun 2020, hujjar 'yan adawa ta faɗi. Jam'iyyun adawa na SNP (ta Scotland) da Liberal Democrats suka fara nuna suna son zaɓe, Labour ta rasa mafaka. Aka yi sabuwar doka da ta ce za a yi zaɓe ranar 12 ga Disamba, kuma ita rinjaye na yau da kullum kawai take buƙata. Ashe tun farko katangar kashi biyu cikin ukun ana iya zagaye ta.

Johnson ya ci kujeru 365, Labour ta sha kayen da rabonta da irinsa tun 1935. Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairun 2020, dokar 2011 kuma aka soke ta a 2022, ikon neman rushe majalisa ya koma hannun firaminista.

Na ga hannu a can gefen mata. Malama, bismillah, yi tambayarki.