Lacca: Abin da Ke Kawo Jiri da Amai a Mota

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa doguwar tafiya a bas ya san yarinyar nan da ake zaunarwa a kujerar baya, leda a hannu, gumi mai sanyi na tsatsafo mata a goshi, uwarta na cewa "daure, mun kusa." Sai ka ji wani ya ce raki ne. Wallahi ba raki ba ne, kuma maganar nan tana yi mini ciwo.

Can cikin kunne akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya karkata ko ya juya. To kin sunkuyar da kai kina karatu a waya, ido ya ce a zaune muke cak, kunne ya ce ƙarya ne, tafiya muke. Wannan saɓanin shi ke tayar da zuciya. Shi ya sa direba bai cika yin amai ba, don yana ganin kwana tun kafin ya sha ta.

Ku ji hujja. Daga 1958, masu binciken sararin samaniya a Amurka sun yi aiki da wasu kurame 11 na makarantar Gallaudet, waɗanda wannan sashe na kunnen yawancinsu ya lalace tun suna yara. Aka sa su a jirgin ruwa a gaɓar Kanada, teku na tumbatsa. Masu binciken suka galabaita da amai, su kuwa kuramen suna ta buga karta abinsu.

To, ina fasaha ta kai? A 2024 kamfanin Apple ya sa wasu ɗigo-ɗigo a gefen fuskar iPhone, suna motsi daidai da motar don ido ya yarda da kunne. Kamfanin motoci na Citroën kuma ya fitar da tabarau mai ruwa a zagayensa a 2018. Wasu sun ji sauƙi, wasu ko gezau. Magunguna irin su Avomine suna aiki in an sha kafin a tashi, amma suna sa barci, don haka direba kada ya kusance su, mai juna biyu kuma ta fara tambayar likita.

Ni dai roƙona ga iyaye da 'yan kamasho: mai jiri a ba shi kujerar gaba ko bakin taga, ya ajiye waya, ya tsayar da ido can nesa kan titi. Malama a baya, na ga hannunki, bismillah.