Wane Ne Baƙo a Zazzau?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na tsaya a teburin wani mai shayi kusa da Ƙofar Doka, na tarar gardama ta kaure. Abin da ya haddasa ta bai taka kara ya karya ba. Wani ɗan ga-ruwa ne ya turo kurarsa ya gogi babur ɗin wani saurayi. Da ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai harshensa ya nuna daga tsallaken iyaka ya fito. Nan take aka manta da babur, aka koma kan ƙasa. Wani ya ce Najeriya ta zama gidan da ba ƙyaure, wanda ya ga dama ya kutso. Wani ya ce shi da aka binne cibiyarsa a Gyallesu ya yi watanni yana zarya kan lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, amma ya ji ana cewa baƙo kan samu cikin kwana biyu idan ya miƙa na goro. Sai wani dattijo da bai ce uffan ba tun farko ya ajiye kofinsa, ya ce: "Ni fa yanzu ban ma san me ake nufi da ɗan Najeriya ba."

Maganar dattijon nan ce ta hana ni sakat duk makon nan.

Zan fara da ba masu fushi gaskiyarsu, domin ruwa ba ya tsami banza. Iyakarmu da Jamhuriyar Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi har Borno. Mashigan da hukuma ta sani, irin su Kamba da Illela da Jibiya da Kongolam da Maigatari, ƙalilan ne idan aka kwatanta da ɓarauniyar hanya da babur ke bi dare da rana. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, makamai suka bazu a yankin Sahel, wasu kuma suka gangaro mana. Manomin Giwa da ya bar gonarsa ba don yana so ba, da iyayen da suka kwana ido biyu bayan harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021, idan suka tambaya ta ina bindigogin nan ke shigowa, kuma ina masu tsaron boda suke, ba wanda ya isa ya ce musu sun yi rashin kunya. Haƙƙinsu ne su tambaya.

Haka kuma manufar gwamnati kan shige da fice ta zama kamar hankaka, gabanta fari bayanta baƙi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shigowa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Madalla. To wa ke ƙirga kwanakin? A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Shinkafa ta yi tsada, 'yan kasuwar kan iyaka suka karye, fasa-ƙwauri ya koma hannun masu ƙarfi. Amma ku tuna, a cikin wannan rufewar ne, ranar 11 ga Disamban 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Boda a rufe, bindiga na yawo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙamewa, har da yanke wuta, motocin albasa da na wake suka yi layi kaya na ruɓewa, sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Ku je ku tambayi talakan da ke Sabon Gari ko mene ne matsayin ɗan Maraɗi a ƙasar nan yau, ku ji ko zai iya ba ku amsa. Ba a taɓa zaunar da shi an yi masa bayani ba. Abin da yake gani kawai shi ne shingaye a kan hanya, inda ake sauke mai buhun gero ɗaya, a ɗaga wa mai tirela hannu.

Zuwa nan ina tare da mutanen teburin mai shayi. Inda muka rabu shi ne lokacin da fushin ya bar waɗanda suka yi sakaci, ya sauka a kan mai tura kura. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Manyan 'yan bindigar da ake kiran sunayensu a labarai kullum, akasarinsu an san ƙauyukansu, an san iyayensu, a cikin ƙasar nan aka haife su. Ɗan ci-ranin da ke yankan farce a Kwangila ko Buzun da ke gadi a Samaru ba shi ya hana 'ya'yanmu aikin yi ba.

Kuma mun taɓa gwada korar baƙi, mun ga abin da ta haifar. A Janairun 1983, lokacin da kuɗin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta ba duk wanda ba shi da takarda mako biyu ya tattara ya bar ƙasa. Ana ƙiyasta mutum kusan miliyan 2 suka fita, kimanin rabinsu 'yan Ghana. Jakar nan mai zane-zane da muke zuba kaya a ciki har gobe, wadda ake kira "Ghana Must Go", daga wannan korar ta samo sunanta. Manyanmu za su tuna malaman lissafi da na Turanci da suka ɓace daga azuzuwa cikin 'yan kwanaki. Tattalin arziki bai miƙe ba, layin sayen madara da sabulu bai ragu ba, kafin shekarar ta ƙare soja suka karɓe mulki. Ita ma Ghana abin da ta yi wa 'yan Najeriya ke nan a 1969 zamanin Firaministanta Busia, aka taso mutanen da wasunsu a can aka haife su, suka dawo ƙasar da ba su sani ba.

Akwai abin da ya fi wannan ban tsoro. Duk ranar da kalmar "baƙo" ta zama makami, ba ta tsayawa a kan baƙo. A Janairun 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin tsohuwar Jihar Borno, aka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa. A nan Zariya, a 1988, aka ɗauke Dakta Patrick Wilmot, malamin Jami'ar Ahmadu Bello ɗan asalin Jamaika da ya shekara da shekaru yana koyar da 'ya'yanmu, aka jefa shi jirgi zuwa Landan. Mu kanmu kuma, da zarar mun tsallaka Kwara, sau nawa ake kallon ɗan Arewa mai baro ko mai acaɓa a ce ai ɗan Nijar ne? A Maris ɗin 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa Kano yin salla. Ba su tsallaka iyakar kowace ƙasa ba. A namu ɓangaren kuma, a 2017, wasu matasa sun taru a Kaduna sun ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa. Abin kunya ne a can, abin kunya ne a nan.

Jama'a, idan akwai garin da ya kamata ya yi wa kalmar nan taka-tsantsan, to Zazzau ne. Ku kira gidajen sarautarmu huɗu da sunayensu, ku saurari abin da sunayen ke faɗa: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Gidan Malam Musa asalinsa Mali. Gidan Yamusa daga Borno. Ba wanda ya isa ya tsaya a ƙofar fada yau ya ce waɗannan ba Zage-zagi ba ne. Su kuma sarakunan Haɓe da suka fita bayan jihadi, Makau ya yi kudu, ƙaninsa Abu Ja ya kafa gari a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja, wanda babban birnin tarayya ya ari sunansa na asali. Wato har sunan fadar Najeriya ma, mutanen da suka yi ƙaura daga nan ne suka haife shi. Garin ilmi ne wannan, kuma ba a yin garin ilmi sai da baƙi. Almajiri ya zo daga Damagaram ko Adamawa ko Nufe, ya zauna gaban malami a zaure, ya yi aure, jikokinsa su zama limamai.

Turawa ne suka zo suka yi mana layi-layi bayan shigowar jirgin ƙasa: birni na 'yan gari, Tudun Wada na 'yan Arewa da ba 'yan gari ba, Sabon Gari na mutanen Kudu, su kuma suka keɓe kansu a GRA. Sun tafi tun 1960, amma rabon nan bai tafi ba. Ya sake riga ne kawai, ya dawo da sunan takardar indijin.

A nan ne nake ganin amsar dattijon nan take. Ina da wani yaro maƙwabcina, kakansa aikin reluwe ne ya kawo shi garin nan. Uban a nan aka haife shi, shi ma yaron haka. Hausa ce kaɗai a bakinsa, da karin Zage-zagi tsantsa. Da ya tashi neman gurbin karatu aka ce ya kawo takardar asali. Inda ya je a nan, aka ce masa ya koma garin kakansa. Ya ci bashin kuɗin mota ya je can, suka dube shi suka ce ba su san shi ba, ko yarensu ba ya ji. Ya dawo ya zauna a ƙofar gida, ya ce da ni: "Baba, to ni ɗan ina ne?" Wallahi ban sami abin ce masa ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito, amma tsarin mulkin nan dai shi ne kuma yake ɗauke da maganar ɗan asalin jiha wajen rabon muƙamai, ba tare da ya fayyace wane ne ɗan asalin ba. Yaron nan ba ɗan Nijar ne ya raba shi da ƙasarsa ba.

Kishin ƙasa ba ya dusashewa don baƙo ya shigo. Yana dusashewa ne idan ɗan gida ya duba hagu ya duba dama bai ga abin da zama ɗan gida ya tsinana masa ba. Rijiyar burtsatse shi ya haƙa, 'yan sintirin unguwa shi ke biya, makarantar kuɗi shi ke kai 'ya'yansa, idan aka sace ɗan'uwansa shi ke bi gida-gida yana haɗa kuɗin fansa. Fasfo mai shafi 32 da yake naira 35,000 ya koma 50,000 a Satumban 2024, shekara na zagayowa ya koma 100,000, amma duk da haka layin masu nema bai yanke ba, har da likitocin da aka horar a asibitin koyarwa na Shika, masu haramar Saudiyya da Ingila. A Mayun 2024 aka dawo mana da tsohon taken ƙasa. Ban raina taken ba, amma ban ga yaron da ya fasa neman hanyar fita saboda an sauya waƙar da ake rerawa a asambuli ba.

Abin da nake roƙon hukumomi ba sabon abu ba ne a wurinmu. A da, baƙo ba ya kwana uku a unguwa mai masaukinsa bai kai shi gaban mai unguwa ba. A san sunansa, a san garinsu, a san sana'arsa, a san wanda ya tsaya masa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa masu unguwanni da dagatai ƙarfi. Da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, talaka ya huta, kuma ba na fatan a dawo da su, amma littafin da ake rubuta sunan kowane magidanci ya tafi tare da su, ba a kawo madadinsa ba. Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006. Ƙasar da ba ta san adadin 'ya'yanta ba, ta yaya za ta san adadin baƙinta? A mayar wa masu unguwanni wannan aiki a hukumance, a ba su alawus da za su riƙe mutuncinsu, a haɗa su da jami'an shige da fice. Baƙon da ya zo neman halali a rubuta shi kyauta, ba tare da tsangwama ba, don kada tsoro ya sa ya ɓuya. Jami'in da aka kama yana sayar da shaidar zama ɗan ƙasa a hukunta shi a bainar jama'a. 'Yan majalisarmu kuma, daga mai wakiltar Zariya har mai wakiltar Sabon Gari, su tashi su yi magana a kan yaron da aka haifa a gari, ya girma a gari, amma ba shi da gari.

Kafin in bar wurin mai shayin nan, bayan kowa ya watse, na bi ɗan ga-ruwan na same shi yana gyara jarkokinsa. Ya ce daga wani ƙauye yake a ƙasar Maraɗi. Ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan yana zuwa duk rani, damina ta faɗi ya koma gona. Na tambaye shi ko a tsawon shekarun nan akwai wata hukuma da ta taɓa rubuta sunansa. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce mutum ɗaya ne ya taɓa rubutawa, mai rijiyar da ke ba shi hayar kura, a cikin littafin da yake lissafin balas.

A huta lafiya, sai Allah ya kai mu sharhi na gaba.