Ɓarawon da ya ba ka baya, kada ka harbe shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, iyayena, da ku 'yan sintiri da maharba da kuka cika wannan rumfa, sannunku da zuwa.

Tun da aka fara jin ta'asar masu satar shanu da mutane a wajen Shanono da Tsanyawa, tambayar da ake yawan yi mini ita ce: idan ɗan fashi ya shigo mini na harbe shi, me hukuma za ta ce?

Da farko ku kwantar da hankalinku, doka ba ta ce ka naɗe hannu a yanka ka ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 33, ya yarda mutum ya kare ransa, da ran wani, da dukiya, gwargwadon buƙata. Dokar hukunta laifuka ta Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta fayyace wannan daga sashe na 59 zuwa gaba. Har kisa ta halatta a wasu wurare: harin da ka ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni, fyaɗe, satar mutum, fashi, fasa gida da dare, cinna wa ɗakin kwana ko ma'ajiyar kaya wuta. Addini ma haka ya ce. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne.

To amma ku saurara da kyau, nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Wannan dama tana tare da haɗari ne. Haɗari ya gushe, ita ma ta gushe. Sashe na 62 na Final Kod ya ce kada cutarwar ta wuce abin da ake buƙata don kariya. Sashe na 63 ya ce idan akwai lokacin da za a kira hukuma, to babu wannan dama. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ce mahari mai hankali ana fara yi masa gargaɗi idan da hali, a haɗa shi da Allah, kafin a kai ga makami.

Ga misali. Ƙarfe biyun dare ka ji akuya na kuka, ka fito da tocila da bindigar toka. Ka haska, ka ga yaro ya saki igiya, ya kama danga zai tsallake, ba adda a hannunsa, ba komai. Ranka ya ɓaci, don bara ma an kwashe maka tumaki. Ka ɗana, ka sake masa. Gobe likita zai rubuta inda harsashi ya shiga: ta ƙirji ko ta gadon baya? Alƙali wannan takarda zai duba, ba zai tambayi tumakin bara ba. Wallahi ina jin zafin wanda aka yi wa sata, kowa a nan ya san wahalar kiwo, amma akuya ba ta kai ran ɗan Adam ba.

Akwai shari'ar wani manomi a Adamawa, Sunday Jackson. Makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace wuƙar ya caka masa, mutumin ya mutu. Kotun Ƙoli a watan Maris na 2025 ta tabbatar masa da hukuncin kisa, bisa hujjar cewa da ya ƙwace wuƙar haɗari ya kau. Jama'a da dama sun soki hukuncin, ni ma ina ganin an tsananta, domin mai kokawa da ransa ba ya tsayawa lissafi. Amma ku ga yadda alƙalai suke auna abin, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Wanda ya wuce gona da iri wajen kare kansa da kyakkyawar niyya, sashe na 222 na Final Kod na iya sassauta masa daga hukuncin kisa, sai dai gidan yari na nan.

Duka a taron dangi kuwa, a kama mutum a ɗaure a rufe shi da sanduna, wannan kisan kai ne tsagwaronsa. Mun ɗanɗana shi a jikinmu. Maharba 16 aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, da yawansu 'yan Bunkure, don kawai an ga bindigogin farauta a motar da suka hau. Wanda ya yi kukan wannan rana bai kamata ya yi wa baƙo irinsa a garinsa ba.

Saura maganar lasisi. Ko bindigar toka ce ta gado, dokar makamai ta 1959 ta tanadi izinin Kwamishinan 'Yan Sanda. Mai harsashi irin ta kanti, izininta na Sufeto Janar ne. AK-47 kuwa tana cikin makaman da aka haramta, riƙe ta kawai na iya jawo shekara 10 a kurkuku, ko da ba ka harbi kowa ba.

Idan Allah ya ƙaddara ka yi harbi, kada ka gudu, kada ka gusar da komai daga wurin. A kai mai rauni asibiti, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda a daren, ka miƙa bindigar da takardarta, ka nemi lauya kafin ka sa hannu a kowace takarda. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da dattawa.