Amsoshin Tambayoyinku: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kofi?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Ikko. Mutanen Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, da waɗanda cunkoso ya riƙe a kan gadar Third Mainland suna jin mu ta rediyon mota, duk ina gaisuwa. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato fina-finan gaskiya na haƙƙin ɗan'adam da ake bai wa lambobin yabo a duniya. Na zaɓo biyar.

Ta farko daga wani mai sayar da albasa ce a kasuwar Mile 12. Ya ce, "Malam, kullum ina jin ana cewa dokumentari. Mene ne bambancinsa da fim ɗin Kano da muke kallo?"

Alhaji, a fim ɗin Kano idan aka harbe jarumi, darakta na cewa a tsaya sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya tambayi abincin rana. A dokumentari wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Mutanen na gaske ne, gidajen na gaske ne, kukan ma na gaske ne. Sai dai kada ka ɗauka duk abin da aka nuna maka shi ne duk abin da ya faru. Wata 'yar Siriya, Waad al-Kateab, ta shafe shekara biyar tana ɗaukar hoton yaƙi a birnin Aleppo, mafi yawa a cikin asibitin da mijinta likita yake aiki, har ta tara sama da awa 500. Fim ɗin da aka fitar, For Sama, wanda ta yi domin 'yarta Sama, bai kai awa biyu ba, kuma ya ci kyautar BAFTA ta Birtaniya a 2020. Ka ga akwai wanda ya zauna ya zaɓi abin da za ka gani da wanda ba za ka gani ba. Shi ya sa nake tambayar wa ya yi fim tun kafin in tambayi me ke cikinsa.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta hana ni barci. Wata malamar makaranta ce daga Agege, ga kuma abin da ta rubuto: "Ana ɗaukar hoton wanda aka zalunta, a je ƙasar Turai a karɓi kofi ana tafi, shi kuwa yana nan inda aka bar shi. Wannan ba kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba ne?"

Malama, ba zan musa miki ba, domin hujjojinki suna da yawa, bari ma in ƙara miki. A watan Maris na 2023 aka bai wa fim ɗin Navalny kyautar Oscar. Labarin ɗan adawar Rasha ne Alexei Navalny, wanda aka sanya wa guba a 2020, ya warke a Jamus, ya koma gida aka kama shi. Ranar da matarsa ta hau dandamali ana yi mata tafi, shi yana kurkuku. Ranar 16 ga Fabrairun 2024 ya mutu a can, ba a ko cika shekara da karɓar kyautar ba.

Ga na Falasɗinu, No Other Land, wanda Falasɗinawa biyu da 'yan Isra'ila biyu suka haɗu suka yi a kan rushe gidajen ƙauyukan Masafer Yatta a Gaɓar Yamma. Ya ci kyauta a Berlin a 2024, ya ci Oscar a farkon Maris na 2025. Bayan mako uku 'yan kama-wuri-zauna na Isra'ila suka lakaɗa wa ɗaya daga cikin daraktocin, Hamdan Ballal, duka a ƙauyensu, sojoji kuma suka tafi da shi ya kwana a hannunsu. A watan Yulin shekarar aka harbe Awdah Hathaleen, wanda ya taimaka wajen aikin fim ɗin, har lahira. Kofin nan dai bai tare harsashi ba, bai kuma tsayar da katafila ba.

To amma akwai ɗaya gefen, kuma a nan nake so ki ɗan saurara mini. A Pakistan wata budurwa ta auri wanda take so ba da izinin gidansu ba. Mahaifinta da baffanta suka harbe ta a fuska, suka cusa ta a buhu suka jefa kogi. Allah ya yi da sauran kwananta, ta fito. Daga baya dattawan unguwa suka matsa mata lamba sai da ta ce ta yafe, kuma a dokar ƙasar ta lokacin, da zarar an yafe sai a saki mai laifi. Tun da yawanci mai kisan da mai yafewar 'yan gida ɗaya ne, kin ga dokar ta zama rariya. Sharmeen Obaid-Chinoy ta yi fim a kan yarinyar, A Girl in the River, ya ci Oscar a 2016. Firaministan lokacin, Nawaz Sharif, ya sa aka nuna shi a ofishinsa. A watan Oktoban shekarar majalisa ta gyara doka: ko dangi sun yafe, yafiyar ba za ta hana ɗaurin rai-da-rai ba. Ba fim ɗin kaɗai ya yi aikin ba, domin ƙungiyoyin mata sun daɗe suna wannan fafutuka, kisan da aka yi wa Qandeel Baloch, wata tauraruwar kafofin sada zumunta da ɗan'uwanta ya kashe, a watan Yuli kuma ya ƙara tunzura jama'a. Amma fim ɗin ya sa kunya ta kama masu mulki a idon duniya, kunya kuwa tana motsa ɗan siyasa fiye da tausayi.

Na gida ma ya ishe mu misali. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen BBC Africa Eye ya fitar da Sweet Sweet Codeine, wanda Ruona Meyer ta gabatar, a kan yadda maganin tari mai kodin yake fita daga kamfani ya shiga hannun matasa. An nuna samari ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali na Ɗorayi a Kano. Kashegari gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi. Abin lura a nan, lokacin ko takarar wata kyauta fim ɗin bai shiga ba. Sai daga baya aka sa shi cikin masu neman kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin. 'Yan Najeriya ne suka kalla a wayoyinsu, suka tura wa juna, har maganar ta fi ƙarfin a share. A ganina, Malama, inda duk aka samu canji za ki tarar mutanen gida ne suka kalla suka fusata. Amfanin kofin shi ne ya ɗaga fim sama yadda zai yi wuyar binnewa, ya kuma sa wanda zai taɓa mai fim ɗin ya yi tunani sau biyu. Wani lokacin ma, kamar yadda kika ji, ba ya yin tunanin ko sau ɗaya.

Wata Hajiya daga Idi-Araba ta tambaya a taƙaice, "Shin akwai ɗan Najeriya da ya taɓa cin irin wannan kyauta?"

Akwai, Hajiya. Joel Kachi Benson, wanda a nan Legas yake aikinsa, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice a Italiya a 2019 da Daughters of Chibok. Minti 11 ne kacal, kuma irin fim ɗin nan ne da ake kallo da wani tabarau na musamman, ka waiga dama ka waiga hagu kamar kana tsaye a tsakar gidan. Bai bi sojoji ko 'yan siyasa ba. Wata uwa ya bi, wadda 'yarta na cikin 'yan mata 276 da aka sace ranar 14 ga Afrilun 2014, tana wanke kayan yarinyar tana ninkewa tana ajiyewa domin ranar da za ta dawo. Sai kuma Ishaya Bako, haifaffen Kaduna, mai Fuelling Poverty. Waɗanda ke Legas a Janairun 2012 ba su manta da zanga-zangar Ojota ba, lokacin da litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa 141 aka rufe gari. A kan wannan da badaƙalar kuɗin tallafin mai ya yi fim ɗinsa. A 2013 Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta hana nuna shi, jama'a suka rankaya YouTube suna kallo, a shekarar kuma ya ci kyautar AMAA ta Afirka. Hukumar ta yi masa talla kyauta ba ta sani ba.

Yanzu ga wani dattijo daga Obalende, ya ce tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, kuma wasiƙarsa da zafi. "Turawa ba sa bayar da kyauta sai ga fim ɗin da ya tona asirin maƙiyansu ko ya nuna tsiraicin baƙar fata. Ku daina yaudarar mutane."

Baba, Allah ya ƙara girma, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Masu zaɓen Oscar yawancinsu a Amurka suke, kuma shekara biyu a jere, 2023 da 2024, fina-finan da suka ci duk Rasha suka tuhuma: na Navalny da kuma 20 Days in Mariupol na yaƙin Yukiren. Kuɗin yin irin waɗannan fina-finai ma yawanci daga can yake fitowa, mai kuɗi kuwa da ra'ayinsa. Sai dai a 2008 waɗannan masu zaɓen ne suka bai wa Taxi to the Dark Side kyautar, labarin Dilawar, direban tasi ɗan Afganistan da ya mutu saboda azabtarwa a hannun sojojin Amurka a sansanin Bagram a Disambar 2002. A 2015 suka bai wa Citizenfour, na Edward Snowden wanda ya fallasa leƙen asirin da gwamnatin Amurka ke yi wa wayoyin jama'a. Shi kuwa na Falasɗinun, manyan kamfanonin rarraba fim na Amurka gudunsa suka yi, duk da haka ya ci.

Batun tsiraici kuma, Baba, ka yi haƙuri da ni. A Yulin 2022 BBC ta fitar da fim a kan 'yan bindigar Zamfara, wanda wani matashi ɗan jihar, Yusuf Anka, ya shiga daji ya ɗauko. Tashar Trust TV ma ta yi nata. Gwamnati ta ce an kambama 'yan ta'adda, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV da wasu kamfanonin da suka nuna na BBC naira miliyan 5 kowanne. Ni kaina na yi ta juya abin a raina, domin miƙa wa ɗan bindiga makirfo ba ƙaramin abu ba ne, yana iya mayar da shi tauraro. Amma mutanen Zamfara da ke nan Legas suna dako da gadi ba a fim suka fara jin labarin ba, shi ya koro da yawansu daga gida. Wanda fim ɗin ya tona wa asiri ba talakan ƙauye ba ne.

Wasiƙar ƙarshe daga wani matashi ce a Alaba Rago. Ya ce acaɓa yake yi har zuwa lokacin da aka hana a wasu ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, ya rasa babur ɗinsa, kuma yana da bidiyoyi da yawa a wayarsa na abin da ya gani a titi. Ya ce, "Waya ta isa a yi irin wannan fim, ko sai mai babbar kyamara?"

Ƙanena, ta isa. A Yulin 2018 wani bidiyon waya ya bazu, sojoji sun tasa mata biyu da yara biyu a gaba, suka rufe musu fuska suka harbe su. Gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ce, ba ma a ƙasarta aka ɗauka ba. Masu bincike suka ɗauki siffar duwatsun da ke bayan mutanen suka gwada da hoton tauraron ɗan'adam, suka gano wurin kusa da ƙauyen Zelevet a Arewa Mai Nisa. Suka auna inuwar sojojin, suka gano tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2015 ne. Aikin, Anatomy of a Killing, ya ci kyautar Peabody, a Satumbar 2020 kuma kotun soja ta ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma.

Abin da ya ceci bidiyon nan shi ne an ga wurin. Saboda haka idan za ka ɗauka, ka kwantar da wayar, ka daina zuƙo hoto, ka bari allon titi ko gada ko wani sanannen gini ya shigo. Ka ajiye na asali kada ka taɓa shi, domin wanda aka tura ta WhatsApp yakan rasa bayanan rana da wuri da ke ɓoye a jikinsa. Ka kwafe shi a wani wurin, waya tana iya faɗawa hannun da ba ka so. Mafi girma duka, kada ka nuna fuskar ɗan'uwanka sai ka gaya masa inda hoton zai iya kaiwa ya kuma yarda, domin kai za ka iya komawa gida Arewa, shi gobe a wannan mahaɗar zai tsaya neman abinci. Ranka kuma ya fi kowane bidiyo.

Ka kuma ɗauki mutanen suna magana da Hausarsu, fassara aikin baya ne. An yi ta rubutu a kan 'yan acaɓan Legas, amma kusan kullum wani ne yake magana a madadinsu. Akwai bikin fina-finan gaskiya na iREP da aka kafa a 2010, wanda aka saba yi a watan Maris a Freedom Park da ke titin Broad Street, inda tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka yake. Ana nuna fina-finai, ana kuma horar da matasa. Daga Alaba ka hau motar CMS, sauran tafiyar ƙafa ce. Ka je da wayarka da cajinta.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Wasiƙar da aka aiko daga Ijora a kan kuɗin haya za mu fara da ita mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.